Yadda ake gina manhajar kyamarar kwamfuta wadda ɗauke wuta ba zai cinye mata aiki ba

Akwai wani dattijo mai shagon fotokopi a Harobanda, hayin kogi, ba nisa da Jami'ar Abdou Moumouni. Ya sayi ƙaramar kyamarar nan da ake maƙalawa a kan allon kwamfuta don ya riƙa ɗaukar wa ɗalibai hoton takardu. Da azumi ya kama, malamin masallacin unguwa ya roƙe shi ya ɗauki tafsiri. Ana cikin ɗauka, an kusa awa guda, aka ɗauke wuta. Da ta dawo, ga fayil nan a zaune da nauyinsa, amma ya ƙi buɗewa. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, karatun nan ina ya shiga?" Na ce, "Baba, yana ciki, ƙofar ce ba a kai ga sa masa ba."

Daga ranar na fara rubuta masa tasa manhajar, mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda kowa zai iya karanta rubutunta, ya gyara, ya raba. Yawancin manhajojin kyamara an yi su ne a inda wuta ba ta motsi, intanet kamar ruwan famfo, kwamfuta sabuwa dal. Mu a Yamai namu daban ne, kuma wannan bambancin shi ya kamata ya ja ragamar aikin tun daga layin farko. Ga hanyar da na bi.

Mataki na 1: Tanadi kayan aiki

Kwamfutar tebur ko ta hannu, ko tsohuwa ce ta isa. Gara ma tsohuwar, domin irinta ce a shagunan mutanen da za su yi amfani da abin da ka gina. Ka sa mata Debian ko Ubuntu, nau'o'in Linux ne, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. A Linux ne za ka ga cikin kyamara tsirara, ba a ɓoye maka komai ba. Windows za mu zo kansa daga baya.

Wajen sayen kyamara abu ɗaya za ka duba: ta kasance mai bin ƙa'idar UVC. Ƙa'ida ce da aka fitar a 2003 don kyamarorin USB su riƙa magana da harshe ɗaya, kuma direbanta na Linux, uvcvideo, wanda Laurent Pinchart ya rubuta, ya shiga zuciyar Linux tun 2008. Kusan duk kyamarar da ke kasuwa yau tana bin ta. In mai kaya ya yarda, ka je da kwamfutarka ka gwada a gabansa.

Ranar da rezo ke da kyau, ko kana da ragowar forfe, ka sauke komai a zama ɗaya:

```
sudo apt install python3-opencv python3-pil v4l-utils ffmpeg git
```

Mataki na 2: Tambayi kyamarar abin da ta iya

Kada ka rubuta ko layi ɗaya kafin wannan. Ka buɗe tagar umarni:

```
v4l2-ctl --list-devices
v4l2-ctl -d /dev/video0 --list-formats-ext
```

Na farko zai nuna maka kyamarorin da ke jone. Kada ka yi mamaki in kyamara ɗaya ta fito da suna biyu, video0 da video1. Na biyun bayanai kawai yake bayarwa, ba hoto ba. Umarni na biyu zai jero nau'o'in hoton da take fitarwa, da girmansu, da yawan hotunan da take bayarwa a daƙiƙa. Yawanci za ka ga YUYV da MJPG. A nan ake faɗuwa, don haka bari mu yi lissafi.

Bidiyo ba komai ba ne illa hotuna a jere da sauri, kamar 30 a daƙiƙa. YUYV ɗanyen hoto ne, kowane ɗigo yana cin bayit 2. Hoto mai faɗin 640 da tsawo 480, sau 2, sau 30, ya ba da megabayit 18.4 a daƙiƙa. Mai 1280 da 720 ya haura 55. Mai 1920 da 1080 ya haura 124. Ita kuwa USB 2.0, duk da ana rubuta mata megabit 480 (bit 8 ne bayit ɗaya), hanyar da kyamara ke bi a cikinta ba ta wuce kusan megabayit 24 a daƙiƙa. Ka ga ke nan ɗanyen hoto mai 1280 ba zai wuce ta wannan ƙofa sau 30 ba. Kyamarar sai ta sauko zuwa wajen 10, bidiyon ya riƙa tsalle-tsalle. Mutane da yawa sun jefar da kyamara mai lafiya saboda wannan, suna cewa jabu ce. MJPG kuwa, kyamarar da kanta take matse kowane hoto kafin ta turo shi, sai ya wuce a sawwaƙe. Saboda haka manhajarka ta nemi MJPG da bakinta. In ta yi shiru, sau da yawa ɗanyen ake ba ta.

Mataki na 3: Fito da hoton farko a allo

Za mu yi aiki da harshen rubuta manhaja na Python, da OpenCV, kundin kayan sarrafa hoto da aka faro a kamfanin Intel a 1999. Ka buɗe fayil mai suna madubi.py:

```
import cv2, time

kyamara = cv2.VideoCapture(0, cv2.CAP_V4L2)
kyamara.set(cv2.CAP_PROP_FOURCC, cv2.VideoWriter_fourcc(*"MJPG"))
kyamara.set(cv2.CAP_PROP_FRAME_WIDTH, 1280)
kyamara.set(cv2.CAP_PROP_FRAME_HEIGHT, 720)

while True:
    samu, hoto = kyamara.read()
    if not samu:
        break
    cv2.imshow("Madubi", cv2.flip(hoto, 1))
    taba = cv2.waitKey(1) & 0xFF
    if taba == ord("h"):
        cv2.imwrite(time.strftime("%Y%m%d_%H%M%S.jpg"), hoto)
    if taba == 27:
        break

kyamara.release()
```

Harafin h yana ɗaukar hoto, Esc yana rufewa. Ka lura da abu biyu. Wanda ake nunawa a allo an juya shi kamar madubi, domin haka mutum ya saba ganin fuskarsa, amma wanda ake ajiyewa ba a juya shi ba. In ka juya shi, rubutun riga zai koma baibai, tsagar fuska ta dama ta koma hagu, hoton takarda kuwa ba ya son haka. Na biyu, umarnin set roƙo ne, ba dole ba. Kyamara na iya ƙi ta ba ka wani girma daban ba tare da ta ce uffan ba. Ka duba hoto.shape bayan karatun farko, ka yi aiki da abin da aka ba ka.

Mataki na 4: Daidaita ta da hasken ɗakinmu

In ka ga layuka baƙi-baƙi suna yawo a kan hoton a ƙarƙashin fitilar niyon, ba lalacewa ba ce. Lantarkinmu a Nijar mai juyi 50 ne a daƙiƙa, fitila tana ƙiftawa sau 100. Na Amurka 60 ne, kuma kyamarori da dama da saitin can suke zuwa. Gyaran layi ɗaya ne:

```
v4l2-ctl -d /dev/video0 -c power_line_frequency=1
```

Lamba 1 na nufin 50, lamba 2 na nufin 60. Ka sa manhajarka ta riƙa yin wannan da kanta duk lokacin da ta tashi, don mai shago ba zai tuna ba, kuma bai kamata a ɗora masa ba.

Akwai kuma matsalar duhu. In haske ya yi ƙaranci, kyamara tana ƙara wa kowane hoto lokaci, sai 30 ta koma 15 ko ƙasa. Umarnin `v4l2-ctl -l` zai jero saitunan; ka nemi exposure_dynamic_framerate, a tsoffin Linux kuma exposure_auto_priority, ka mai da shi sifili. Sai dai saiti ba ya haifar da haske. Kyamarori masu araha, in bango ya yi fari fat a bayan baƙar fata, bangon suke auna wa, fuska ta nutse. Ka sa fitila a gaban mutum, kada taga ta kasance a bayansa, labulen baya kuma kada ya fi fuskar haske sosai. Kwan fitila ɗaya a wurin da ya dace ya fi layi ɗari na gyaran hoto.

Mataki na 5: Bidiyo da murya, da maganin ɗauke wuta

Wannan shi ne zuciyar aikin. OpenCV na iya rubuta bidiyo amma ba ya haɗa murya, don haka ɗaukar sai a bar wa FFmpeg, wanda Fabrice Bellard, ɗan Faransa, ya faro a 2000. Ka fara gwadawa da hannu:

```
ffmpeg -f v4l2 -input_format mjpeg -video_size 1280x720 -framerate 30 -i /dev/video0 \
 -f alsa -i default -c:v libx264 -preset veryfast -crf 23 -pix_fmt yuv420p -c:a aac \
 -f segment -segment_time 600 -reset_timestamps 1 karatu_%03d.mkv
```

Abin da ya sami tafsirin nan ga shi. Fayil ɗin bidiyo mazubi ne, a ciki ake zuba hoto da murya. MP4 na yau da kullum sai an gama ɗauka kaf yake rubuta jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake. Kamar ɗan kasuwar da ke ta zuba kaya a sito, ya ce sai dare zai rubuta a littafi. In wuta ta tafi kafin nan, kaya na nan amma babu mai iya gano su. MKV kuwa yana tafiya yana sa wa kowane ƙunshi alama, don haka ko an yanke shi a tsakiya, abin da ya riga ya sauka a faifai zai buɗe. Shi ya sa OBS Studio, babbar manhajar ɗaukar bidiyo mai buɗaɗɗen tushe da ta fito a 2012, ta daɗe tana jan kunnen masu ɗauka da MP4. Ƙa'idata ke nan, ba na sassautawa: a ɗauka da MKV.

Kashi na ƙarshe na umarnin yana yanka ɗaukar gunduwa-gunduwa, kowace minti 10. Amfaninsa biyu. In wani abu ya faru, gunduwar ƙarshe kaɗai ke cikin hatsari, domin Linux yana riƙe abin da aka rubuta a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, har wajen rabin minti, kafin ya sauke shi faifai. Sannan yawancin kile na USB tsarin FAT32 gare su, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4.

Shi kuma yuv420p kada ka cire shi. Hoton MJPG da wani tsarin launi yake zuwa, wanda kwamfuta za ta buɗe amma wayoyi da yawa su ƙi. Mu kuwa duk abin da aka ɗauka a waya zai ƙare. In an gama, sai a sauya mazubi ba tare da an sake matsewa ba, cikin daƙiƙu kaɗan:

```
ffmpeg -i karatu_000.mkv -c copy -movflags +faststart karatu_000.mp4
```

Ka tuna da aljihun mai karɓa. Bidiyo mai megabit 2 a daƙiƙa yana cin megabayit 900 a awa. Wanda zai sauke shi a WhatsApp da forfensa ba zai gode maka ba. Ka sa maɓallin "ƙarami don waya" mai rage tsawo zuwa 480, da wani mai fitar da murya zalla, domin karatu da wa'azi kunne ke sha.

In kwamfutar ta tsufa har matsewar ta fi ƙarfinta, ka sa `-c:v copy` a madadin libx264, ka cire saitunan da ke biye da shi. Za ta ajiye MJPG yadda ya zo, fayil ya yi ƙato, sai a matse shi da dare in shago ya tashi.

Mataki na 6: Nuna hoto ana cikin ɗauka

Da zarar ka tayar da madubi.py da FFmpeg tare, ɗaya zai ce kyamara na hannun wani. A Linux manhaja ɗaya ce ke jan hoto daga kyamara a lokaci guda. Mafita ita ce manhajarka ta riƙe kyamarar, ta nuna hoton a allo, ta kuma zuba wa FFmpeg kwafinsa ta bututu:

```
import subprocess
mai_dauka = subprocess.Popen(["ffmpeg", "-use_wallclock_as_timestamps", "1",
  "-f", "rawvideo", "-pix_fmt", "bgr24", "-video_size", "1280x720",
  "-framerate", "30", "-i", "-", "-f", "alsa", "-i", "default",
  "-c:v", "libx264", "-preset", "veryfast", "-pix_fmt", "yuv420p",
  "-c:a", "aac", "-shortest", "karatu.mkv"], stdin=subprocess.PIPE)
```

A cikin zagayen `while` na madubi.py sai ka ƙara `mai_dauka.stdin.write(hoto.tobytes())`, in an gama ka rufe bututun, ka jira FFmpeg ya kammala. Saitin farko yana sa wa kowane hoto lokacin agogo na gaskiya, don ko kyamara ta yi jinkiri, baki da murya kada su rabu. Ka gwada da tafi: ka tafa a gaban kyamara a farkon ɗauka da bayan rabin awa, ka duba ko sautin ya faɗa daidai da haɗuwar hannu. In akwai tazara iri ɗaya a duka biyun, -itsoffset zai gyara. Masu son hanyar da ta fi tsabta su koyi GStreamer, wanda ke da abin raba kwarara gida biyu mai suna tee, amma koyonsa na son haƙuri.

Ka raba aikin zare-zare, wato sassan manhaja masu gudana a lokaci guda: zare ɗaya yana karanta kyamara kawai, ɗaya yana rubutu, ɗaya yana kula da taga. Layin jira na nuni kada ya wuce hoto ɗaya ko biyu, in ya cika a zubar da tsohon. In ba haka ba, mutum zai ɗaga hannu sai bayan daƙiƙa uku ya ga kansa.

Mataki na 7: Taga da maɓallai, da harshenmu

Tagar OpenCV ta gwaji ce. Ta gaske ka gina ta da PySide6, wato Qt, kayan gina taga da maɓallai, a Python. OpenCV yana jera launi shuɗi, kore, ja, don haka in ka miƙa hoton a matsayin ja, kore, shuɗi, fuska za ta fito shuɗiya, cv2.cvtColor ke juya shi. In kuma ta pip, mai sauke kayan Python, ka sauke OpenCV, ka ɗauki opencv-python-headless, don ɗayan yana zuwa da nasa Qt, su yi ta karo.

Don aikin yau da kullum maɓallai huɗu sun isa: Hoto, Fara, Tsaya, Buɗe jaka. Manya, da rubutu a jiki. A 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma har yau da wuya ka ga manhajar kwamfuta mai maɓallin Hausa. Ka fitar da duk rubutun taga zuwa fayilolin fassara na gettext tun farko: Hausa, Zabarmanci, Faransanci, kuma ka bar ƙofa ga mai Tamashek ko Fulfulde.

Haruffanmu masu lanƙwasa suna da nasu tarko. Umarnin cv2.putText bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba, alamar tambaya yake zubawa a gurbinsu. Don rubuta suna a kan hoto ka yi amfani da Pillow, kundin sarrafa hoto na Python, da salon rubutun DejaVu Sans, mai ɗauke da su duka. A Windows kuma cv2.imwrite yana kasa ajiye fayil in sunansa ko na jakarsa na da irin waɗannan haruffa ko é na Faransanci, kuma ba ya ƙorafi. Ka matse hoton da cv2.imencode, ka bar Python ya rubuta shi.

Hoton takardu lissafi ne kawai. A ɗigo 300 kowane inci, milimita 35 da 45 ya zama ɗigo 413 da 531. Santimita 4 da 4 ya zama 472 kowane gefe. Ka zana akwatin a kan nuni don mai ɗauka ya daidaita fuska, ka jera kwafi da yawa a takarda ɗaya.

Abu ɗaya ba na yarda a taɓa: duk lokacin da ake ɗauka, jan ɗigo babba ya tsaya a allo, kuma kada manhajar ta tura komai intanet. Matan aure da ƴan mata suna zama a gaban kyamarar nan bisa amana. Ka sa maɓallin goge hoton abokin ciniki bayan an buga masa. Amfanin buɗaɗɗen tushe ke nan a wurina kafin komai: kowa na iya dubawa ya tabbatar ba a ɓoye ido a ciki ba.

Mataki na 8: Wahalar da ita kafin ta fita

Ka zare igiyar kyamara ana cikin ɗauka. Manhajar kada ta mutu. Ta rufe fayil, ta ce "An cire kyamara", ta riƙa dubawa duk daƙiƙa biyu. In aka mayar, lambar na iya komawa video2, don haka ka nemo ta a /dev/v4l/by-id/, inda sunanta ba ya sauyawa. Ka cika faifai da gangan ka ga abin da za ta ce. Ka kashe FFmpeg da `kill -9`, ka buɗe abin da ya rage. Daga nan, a kwamfutar gwaji marar ondila, ka zare wayar wuta daga bango ana tsakiyar ɗauka. Sai ka ga gunduwoyin sun buɗe za ka ce ka gama.

Ka kuma bar ta awa biyu tana ɗauka da tsakar rana a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura 40. Kwamfuta in ta ji zafi tana rage gudu da kanta, hotuna su fara zubewa. Ka sa manhajar ta nuna yawan hotunan da take samu a daƙiƙa, in ya faɗi ta ba da shawarar rage girma. Sau da yawa ma ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, a hure ta a huta.

Mataki na 9: Lasisi, Windows, da rabawa

Rubutun da ba shi da lasisi ba buɗaɗɗe ba ne ko da yana intanet, domin doka ba ta ba kowa izinin taɓa shi ba. Lasisin MIT na cewa a yi yadda aka ga dama, a bar sunanka. GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, zubi na 3 a 2007, na cewa duk wanda ya gyara ya raba wa jama'a, dole ya ba da rubutun gyaran. Ni GPL na zaɓa, don kada wani ya sauya mata suna ya kulle ta ya sayar wa masu shaguna. Ka sani kuma FFmpeg mai ɗauke da x264, mai matse bidiyon nan da muka kira libx264, a ƙarƙashin GPL yake; in ka haɗa shi cikin kayanka, sharuɗɗansa sun hau kanka.

Ka ajiye tarihin aikin da Git, ka tura GitHub, GitLab ko Codeberg in rezo ya samu. Git yana aiki ba intanet, abin da ya dace da mu ke nan. Bayanin farko ka rubuta shi da Hausa da Faransanci, tare da jerin kyamarorin da aka gwada.

Yawancin shaguna da siba Windows suke da shi. A can sai CAP_V4L2 ya koma CAP_DSHOW ko CAP_MSMF, FFmpeg kuma ya ɗauki murya da `-f dshow`. Umarnin `ffmpeg -list_devices true -f dshow -i dummy` zai ba ka sunayen. Ka tattara duk irin wannan bambanci a fayil ɗaya. PyInstaller zai dunƙule manhajar ta tashi ba sai an sa Python ba, amma na Windows sai a kan Windows ake haɗa shi.

Rabawa a nan ta kile ce, hannu da hannu. Ka zuba manhajar, da FFmpeg, da rubutun tushe, da lasisi a jaka ɗaya. Ka kai wa mai shago, ka zauna gefe, kada ka taɓa komai, ka bar shi ya ɗauki hoton farko da kansa. Duk inda hannunsa ya tsaya yana neman maɓalli, ka rubuta a takarda. Da yamma ka kai takardar fada, ku raba gyare-gyaren kafin shayi na uku ya sauka: wani ya ɗauki fassarar Zabarmanci, wani ya gwada da kyamarar gidansu ya ƙara sunanta a jerin.